Fitilar da Ta Mutu a Rijiyar Munzali

Lado ya ga fitilar ta mutu, amma ya ce wa ƙaninsa ya shiga rijiyar. Abin da ya faru ke nan, ba ƙari ba ragi, kuma shekara goma sha bakwai babu wanda ya sani sai shi da Allah.

Su biyu ne 'ya'yan Iya maza, Lado da Tanimu, a Gidan Dogo, wani ɗan ƙauyen Kiristoci da ke bayan Tarai. Sana'arsu haƙar rijiya da yasa. Wurin ubansu suka gaje ta, tare da dokarsa guda ɗaya: kafin mutum ya sa ƙafa a rijiya, a kunna aci-balbal a zura ta cikin guga har ƙasa. In ta ci gaba da ci, a shiga. In ta mutu, iskar ƙasan ta ɓaci, kowa ya kama hanyar gida, gobe ma rana ce.

Ranar da abin ya faru, rijiyar lambun Malam Munzali za su yashe. Tun da safe Munzali ya kawo injin ban ruwa don ya zuƙe ruwan, tiyon kuwa gajere ne, sai ya zura injin da igiya har tsakiyar rijiyar. Ruwa ya fita, hayaƙi ya kwanta a ƙasa. Munzali ya ɗauke injinsa ya tafi ɗaya gefen lambun. Tanimu ya je gindin mangwaro yana warware igiya, Lado ya zura fitila. Gaba takwas, harshen wutar ya yi ja, ya ƙanƙance, ya mutu. Ya jawo gugan ya duba. Ranar kasuwar Kibiya ce, ya riga ya sha ƙwarya biyu ta burukutu, abokai kuma suna jiransa a can. Ya ce a ransa ai ɗigon ruwa ne ya kashe ta. Ya ƙyasta ashana ya sake kunnawa kafin Tanimu ya juyo.

"Yaya, ta ci?"

"Ba ka ganinta? Ga ta nan tana ci. Kaina ke sarawa, shiga kai, ni in riƙe igiya."

Alhali ranar shi ne da shiga.

Tanimu ya sauka yana fito. Lado ya ji fiton ya tsaya. Ya ji tari sau biyu, busasshe. Ya ji an ce "Yaya" da wata murya ƙarama, kamar ta yaro. Daga nan igiya ta yi nauyi.

Da aka fito da gawar babu ciwo ko ɗaya, ruwan kuma bai kai gwiwa ba balle a ce nutsewa ya yi. Dattawa suka tambayi Lado maganar fitila. Ya ɗaga hannu sama ya ce ya zura, ta je ƙasa ta dawo tana ci. To, mutum lafiyayye, iska lafiya, ruwa ba yawa, me ya kashe shi? Kafin a yi kwana bakwai ƙauye ya samu amsa. An ce kama kurwarsa aka yi. Wa zai kama? Matarsa Jumai, baƙuwa ce daga wajen Rano, marainiya, ba wanda ya san dangin uwarta, kuma ita ta dama masa kokon da ya sha da safen. Iya ce ta fara furtawa a wurin makoki, da bakinta: "Mayya ta cinye min ɗa."

Jumai ba ta da inda za ta, ga jaririya a baya, Rifkatu. Ta zauna a ɗakin mijinta na bakin ƙauye. Ƙosan da take soyawa ya daina sayuwa. Mata suna ganinta za su janye 'ya'yansu su tofa musu yawu a ka. A majami'a benci guda nata ne ita kaɗai, ranar jibin Ubangiji kuma, da ake zagayawa da ƙoƙo ɗaya kowa ya kurɓa, ita ce ta ƙarshe, don ba mai sha a bayanta. Masu wa'azi uku aka yi a ƙauyen, kowa ya yi faɗa a kan wannan, kowa ya gaji ya bari.

Lado kuwa bai sake shiga rijiya ba. Ya koma haƙar masai da kabari, ramin da ba ya wuce ƙirjinsa. Duk wanda ya mutu a Gidan Dogo shi ke haƙa masa, kuma ya iya, kusurwa huɗu cif kamar an auna da zare. Amma ko wucewa ya yi ta gefen rijiya da rana tsaka, yana jin tarin nan sau biyu. Ba ya tsallake rana. Abu ɗaya ke rufe masa kunne, giya. Daga burukutu ya koma ogogoro. In ya sha, hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, har matarsa ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidansu. Ya rage daga shi sai Iya a gida. Iya ba ta taɓa ganin laifinsa ba. Ta ce baƙin cikin ɗan'uwa ne, duk mayyar can ce ta jawo. Shi ne ɗanta na fari, don haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, saboda kunya irin ta iyaye. Babba take ce masa. "Babba, ga tuwo." "Babba, wanke fuskarka." In ya faɗi a ƙofar gida, ita ke jan sa ciki da ƙarfinta na tsohuwa.

Haka aka tafi har Rifkatu ta isa aure. Wani saurayi mai ɗinki a Rano ya gan ta a taron mawaƙan majami'u, ya ce ita yake so, ita ma ta ce shi. Danginsa suka kawo kayan gaisuwa wurin Lado, tunda shi ne baffanta. Bayan mako biyu kawun yaron ya dawo shi kaɗai a kan babur, ko tabarma bai zauna ba.

"Malam Lado, ba za mu ɓoye maka ba. Mun yi tambaya, mun ji abin da ake faɗa a kan uwar yarinyar. Kai ma ka san abin nan a nono ake shan sa. Yaronmu ya kafe, amma mu ba za mu kai shi mahallaka da hannunmu ba. Ran Litinin za mu aiko a kwashe kayanmu, sai dai in akwai wata magana da ba mu ji ba."

Lado ya buɗe baki, ya rufe. Ya ce, "Allah ya kai mu."

Ranar Alhamis ce. Da azahar ya fito zai je gidan mai giya. Hanyar ta bi ta gefen lambun Munzali, shi kuwa kullum zagayawa yake yi ta cikin gonar dawa. Yana zagayen ne ya hango jan kallabi a bakin tsohuwar rijiyar. An daina shan ruwanta tun wancan lokacin, an rufe ta da itace da ƙaya. Yanzu an janye ƙayar gefe. Rifkatu ce zaune a kan bakin, ƙafafunta biyu suna lilo a ciki.

Lado ya ja ya tsaya. Shekara goma sha bakwai bai matso wurin nan ba. Ya tako a hankali kamar mai son kama kaza, sai ga tarin, sau biyu, daga ƙasa.

"Rifkatu. Ke, Rifkatu. Taso daga nan."

Ba ta juyo ba. "Baffa, ina so in tambaye ka. Kai ne kake wurin. Da gaske Inna ce?"

"Taso tukuna."

"In ita ce, to yana cikina ke nan. Jiya na ɗauki jaririn maƙwabta, yau an ce yana zazzaɓi. Ban yi masa komai ba, Baffa, wallahi ban ji na yi komai ba. Amma an ce mai shi ba ya sani. To in na auri mutum in cinye shi fa? Gara a ce nan aka ƙare, inda aka fara."

Ya kama damtsenta ya fizge ta baya da ƙarfin da bai san yana da shi ba, suka faɗi cikin kunyar albasa. Yana haki ya ce, "Ba ki da komai. Uwarki ba ta da komai."

"Ta yaya ka sani?"

Ya dube ta. Idon Tanimu ne sak. Ya raka ta har ƙofar gidansu, bai shiga ba, ya juya. Bai je gidan mai giya ba, ya nufi bayan majami'a, gidan Malam Ayuba.

Malam Ayuba shi ne mai wa'azinsu na yanzu, dattijo gajere mai sanƙo, wanda ya yi aikin wanke gyambo a ɗakin shan magani kafin ya shiga aikin bishara. Sau uku yana ɗora wa Lado hannu yana addu'a a kan giya, sau uku Lado yana komawa kafin mako ya zagayo. Ya same shi yana ɓarar gyaɗa a inuwa.

"A'a, Sarkin Rami! Yau ba wanda ya mutu, me ya kawo ka? Matso in ji. Ikon Allah, yau bakinka ba wari."

"Malam, ka sake yi min addu'ar nan."

"Ba zan yi ba."

Lado ya tsaya sororo.

"Na ce ba zan yi ba. Zauna. Ni na wanke gyambo ya fi dubu. Mutum zai zo da tsumma ɗaure a ƙafa, ya ce Malam tsumman nan yana wari, canja min. In canja, jibi ya dawo. Tsumma ne ke wari? Giyarka tsumma ce, Lado. Sau uku ina canja maka tsumma, Ubangiji ya gafarta min. Me ke ƙasa?"

Lado ya dubi ƙasa.

"In na faɗa, Iya za ta yi min baki."

"Wataƙila."

"Za a kore ni daga garin nan."

"Wataƙila. Ban ce maka ba zafi. Wanke gyambo ihu ake yi. Amma wanda ya ƙi, ƙafar ake yankewa, wani lokaci ma ba tasa ba."

Wannan maganar ce ta karya shi, don jan kallabin nan bai bar idonsa ba. Ya faɗa. Ya faɗi injin, ya faɗi fitilar, ya faɗi ashanar da ya ƙyasta, da ciwon kan ƙarya, da muryar da ta ce Yaya. Malam Ayuba bai katse shi ba, bai kuma yi salati ko tsaki ba. Da ya gama, dattijon ya ture tiren gyaɗa, ya durƙusa a ƙasa kusa da shi, ya riƙe kansa da hannu biyu.

"Ya Yesu, ga shi nan. Ka daɗe da sani, yau shi ma ya yarda ka sani. Kai da aka huda, ka san rauni. Ka shiga ramin nan da mutumin nan ya kasa fita shekara goma sha bakwai, ka fito da shi. Jinin Tanimu yana kansa, ka wanke da naka."

Lado ya yi kuka irin na bijimi, da ƙara, har kajin gidan suka watse. Da ya lafa, Malam Ayuba ya miƙa masa ruwa.

"Gafarar Allah ka samu, ba na shakka. Amma sunan Jumai yana aljihunka, ba naka ba ne. Ba za ka riƙe kayan mutane ka ce ka warke ba. Ni ba zan faɗa wa kowa ba. Bakinka ya ɗaura, bakinka zai kwance."

Ranar Juma'a bai iya zuwa wurin Jumai ba. Ya wuni a ɗaki yana karkarwa, jikinsa na neman giya kamar ana cizonsa da tururuwa. Iya ta shigo da kunun tsamiya ta shafa goshinsa. "Babba, ko ita ce ta juyo kanka? Ka ga tun da ka taɓa 'yar nan jiya." Ya juya fuska bango.

Ranar Asabar da hantsi ya je gidan Jumai. Tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ga wanda ya yi sallama, ta miƙe tsaye da rariya a hannu, don rabonsa da gidan tun ranar makoki. Ta tsufa fiye da shekarunta. Ta ɗebo ruwa a ƙoƙo ta ajiye a ƙasa nesa da shi, yadda ta saba, don ta san ba mai sha. Ya ɗauka ya shanye tas. Sannan ya durƙusa ya gaya mata.

Garin da ke rariyar yana zuba a ƙafarta.

"Yaya Lado, ni ka zo gaya wa? Ai ni na san ban ci mijina ba." Muryarta ba ta tashi ba. "Ko da yake, akwai shekarun da na fara cewa ko na ci ɗin ban sani ba. Kana wucewa ta ƙofar nan kana ganina. Kana zaune a majami'a ana ba ni ƙoƙo a ƙarshe." Ta ajiye rariyar. "Je ka faɗa a inda aka bar min benci. Maganar yafewa, kada ka tambaye ni yau."

Ranar Lahadi majami'a ta cika, har da kawun saurayin, wanda Malam Ayuba ya aika wa cewa ya zo ya ji wata magana. Mata suka gama waƙa, suka ajiye tulun kiɗa da kacau-kacau. Malam Ayuba ya ce akwai ɗan'uwa da ke da magana. Lado ya tashi. Daga bencinsa zuwa gaba taku goma ne, ya ji kamar yana sauka gaba goma a igiya. Ya juyo. Ga Iya a layin gaba da farin mayafinta, tana dubansa da murmushi, tana tsammanin zai ce ya bar giya ne. Ga Jumai can baya ita kaɗai, Rifkatu a gefenta.

"Jama'a, ni ban iya magana ba. Fitilar ta mutu. Ranar da Tanimu ya shiga rijiyar Munzali, na zura fitila ta mutu, na sake kunnawa na ce masa tana ci. Hayaƙin inji ne ya kashe shi. Ni ne da shiga, na tura shi. Na yi rantsuwa a kan ƙarya. Jumai ba mayya ba ce, ba ta taɓa zama ba. Ni na kashe ƙanena, na bar ku kuka ci naman matarsa shekara goma sha bakwai ina kallo."

Wata mata ta ɗora hannu a ka. Wani dattijo daga cikin waɗanda suka tambaye shi a wancan lokacin ya sunkuyar da kai.

Iya ta dafa sanda ta miƙe. Ta tako har gabansa, ta ɗaga kai ta dube shi, kamar tana neman wani a fuskar.

"Lado," ta ce.

Duk majami'ar ta ji, kuma kowa ya san abin da ya ji. Shekara hamsin da ɗaya sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Wanda ta kira da suna, ɗan wani ne.

"Lado, ka sa na zagi marainiya a kan gawar ɗana. Ka sa na ƙi jikata, ban taɓa goya ta ba. Ina jan ka daga ƙofa kamar buhu, ina cewa ita ce." Ba ta yi masa baki ba, abin da ya fi tsoro. Ta juya kawai, ta bi tsakiyar majami'a da sandarta, ƙwas, ƙwas, har bencin baya. Ta tsaya gaban Jumai, ta yi ƙoƙarin durƙusawa, gwiwa ta ƙi. Jumai ta riƙe ta ta zaunar da ita a gefenta.

Ran Litinin ba a zo kwashe kaya ba. Bayan girbi aka ɗaura auren Rifkatu, aka kai ta Rano. Dattawan ikilisiya suka sa Lado a horo wata shida, ba jibi, zama a bencin baya, bencin da Jumai ta bari. Ya zauna. Malam Munzali da ya ji labari ya zo da kansa har gida, ya ce shi ma injinsa ne, a yafe masa, ya sa aka cike rijiyar da ƙasa. Lado ne ya zuba kwandon farko.

Giya kuwa sau ɗaya ya koma, a wata na biyu, ya zo da kansa ya gaya wa Malam Ayuba, suka sake durƙusawa. Daga nan bai ƙara ba. Tarin bai tafi lokaci ɗaya ba. Ya riƙa raguwa, yau a ji, gobe ba a ji ba, har wata rana ya tsaya a bakin rijiyar majami'a ya ja wa wata tsohuwa ruwa guga uku, sai da ya kai gida ya tuna bai ji komai ba. Bayan shekara Jumai ta aiko masa da tuwo a kwanonta. Bai tambaye ta ma'anarsa ba, ya cinye.

Iya ba ta sake kwana a gidansa ba. Tun ranar Lahadin nan ta koma ɗakin Jumai. Kowace safiya yana zuwa ya durƙusa a ƙofa ya gaishe ta, ta amsa, "Lafiya lau, Lado," kamar yadda take amsa wa mai tallan manja. Shekara biyu ana haka. Da ciwon ajali ya kama ta, Malam Ayuba ya zauna da ita ya yi mata magana mai tsawo. Ta ce ta yafe, don ita ma mai neman gafara ce. Amma ta bar wasiyya guda, ta sa aka maimaita mata don kada a manta.

Ranar da ta rasu, Lado ya fito da diga da shebur tun kafin a aiko, yadda ya saba yi wa kowa. Malam Ayuba ya tare shi a hanyar makabarta, ya karɓi digar daga hannunsa a hankali.

"Ta ce ba kai ba."

Wasu samari biyu daga Unguwar Gai aka kira suka haƙa. Ba su iya ba, ramin ya karkace ta wajen kai. Lado yana tsaye a gindin kuka, hannu a baya, yana ganin karkacewar, bai ce komai ba har aka rufe.